Sabuwar Mota, Tsohuwar Matakala: Masu Naƙasa da Sauyin Makamashi a Najeriya

 

Kafin in shiga magana, ina roƙon mai fassara da maganar hannu ya matso nan gaba inda haske yake, don 'yan'uwanmu kurame su riƙa ganin hannunsa da fuskarsa sosai. In na yi sauri, a ɗaga mini hannu, zan sassauta.

Ranar 1 ga Nuwamba 2021 shugabannin duniya suka hallara a birnin Glasgow na Birtaniya domin babban taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikin mahalarta akwai ministar makamashi ta Isra'ila a lokacin, Karine Elharrar, wadda a keken guragu take tafiya. Ta iso, aka ce motarta ba za ta wuce ba. Zaɓi biyu aka ba ta: ko ta taka da ƙafa, ko ta hau bas ɗin da ake jigilar baƙi, wadda keke ba ya iya shiga. Ta yi jira kimanin awa biyu, ta juya masauki. Washegari Firaminista Boris Johnson ya ba ta haƙuri. A wannan washegarin ne kuma, a wannan taron, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa duniya alkawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba.

Na haɗa labaran nan biyu ne da gangan. Minista ce, da 'yan rakiya da motar gwamnati, a ƙasar da ke da kuɗi da dokoki, amma ƙofar taron da za a tsara makamashin gobe ta gagare ta. To ina ga gurguwar da ke Rimin Kebe a Kano, ko makahon da ke Gwange a Maiduguri?

Bari in ce wani abu game da suna. A rediyo da takardun gwamnati ana cewa masu buƙata ta musamman, don girmamawa, kuma niyyar mai kyau ce. Ni zan fi cewa masu naƙasa, domin abubuwan da zan lissafa yau buƙatun kowa ne: mota, wuta, murhu, aikin yi. Na lura kalmar "musamman" takan sa jami'i ya ɗauka akwai wani ofishi can daban da zai kula da su, shi kuwa ya ci gaba da aikinsa kamar ba su cikin jama'ar da yake yi wa aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, kusan mutum ɗaya cikin shida, suna rayuwa da naƙasa mai nauyi. Babu layin da za ka bi a garuruwanmu ba ka samu gidan da abin ya shafa ba.

Shi sauyin makamashin nan ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Fetur da dizal da kwal da itace, duk wanda aka ƙona yana fitar da hayaƙin da ke taruwa a sama ya riƙe zafin rana kamar an lulluɓe ƙasa da bargo. Daga nan damina ta rikice, bazara ta tsananta, ruwan wata guda ya zuba cikin kwana biyu. Maganin da ƙasashe suka amince da shi a yarjejeniyar Paris ta 2015 shi ne a rage ƙone-ƙonen, a koma ga hasken rana da iska da ruwa. Gabatarwar wannan yarjejeniya ta ambaci haƙƙin masu naƙasa da suna. Amma da masu bincike na Jami'ar McGill ta Kanada suka bi alkawuran da ƙasashe suka rubuta, a 2022, sai suka tarar cikin 192 ko 40 ba su kai ba waɗanda suka ambaci masu naƙasa ko da sau ɗaya.

Alhali su ne bala'in yake fara tararwa. Mu tuna Maiduguri. A daren da ya wayi 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwan Alau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, shekara 30 cif bayan irin wannan ambaliya ta 1994. Ruwa ya shiga Fori da Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya kai har fadar Shehu da asibitin koyarwa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Akwai sakacin gyara a lamarin, ban ɗora wa yanayi duka laifin ba. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne lokacin da ruwan ya zo: cikin dare. Maƙwabci ya yi ihu, ya buga ƙofa, kurma yana barci bai ji ba. Makaho ya san unguwarsu da tafin ƙafarsa da bakin sandarsa, ya san inda kwalbati take, ya san dakalin da yake juyawa a kansa. Ruwa ya shafe duka alamomin nan cikin sa'a guda. Keken gurgu ba ya tafiya a ruwan da ya kai gwiwa. Uwar da ke da ɗa mai shanyewar jiki, ga kuma wasu ƙanana uku, wa za ta fara ɗauka? A Japan, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi shirin ko-ta-kwana, an yi ƙididdiga bayan igiyar ruwan tsunami ta 2011, aka ga yawan mutuwa tsakanin masu naƙasa ya ninka na sauran jama'a.

Haka zafi. A watannin Maris da Afrilu ma'auni kan haura 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano. Zabiya, wanda rana ke jawo wa ciwon dajin fata, shi ya san me wannan ke nufi. Mai rauni a laka jikinsa ba ya yin gumi yadda ya kamata, yana kwance a ɗakin kwano, ga babu wuta, ga gyambon kwanciya. Saboda haka kada kowa ya ɗauka masu naƙasa suna adawa da wannan sauyi. Sun fi kowa buƙatar ya yi nasara. Damuwarsu ita ce yadda ake gudanar da shi.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Masana tattalin arziki da na muhalli da yawa sun yi na'am, suka ce araha ce ke sa a ƙona mai ba lissafi. Ban zo yin gardama da su ba. Na zo ne in faɗi yadda abin ya sauka a kan mutane. Mai ƙafa da kuɗin mota ya gagare shi, sai ya taka. Ma'aikata da ɗalibai da yawa haka suka yi, da sayyadarsu. Gurgu ba shi da wannan mafita. Makaho kuwa kullum kuɗin mutum biyu yake biya, nasa da na ɗan jagora.

Na ga wannan da idona wata la'asar a bakin wani titi a Kano. Wata baiwar Allah a keken guragu, da jakar littattafai a cinyarta, tana tsayar da A Daidaita Sahu. Huɗu suka rage gudu, suka kalli keken, suka wuce. Na biyar ya tsaya ya ce sai dai ta ɗauki shata, domin kekenta zai cinye wurin mutum biyu. Ta buɗe jaka ta ƙirga abin da ke hannunta, ta girgiza kai. Ban ga laifin ɗan sahun sosai ba. Shi ma balas yake kai wa mai babur kowace yamma, kuma ba a ƙera babur ɗin da tunanin irinta ba. Laifin yana can baya, wurin waɗanda suka tsara sufurin gari guda ba su tuna da ita ba.

Yanzu ga dama ta zo, kuma ita ce dalilin tsayuwata a gabanku. Bayan cire tallafi gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG. Ita ma iskar daga ƙarƙashin ƙasa take, sai dai hayaƙinta bai kai na fetur da dizal ba. Jihohi suna sayo sababbin bas-bas, wasu na gas, wasu na lantarki. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas masu fetur su koma aiki da batir. Ke nan muna cikin 'yan shekarun da ake sauya motocin ƙasa baki ɗaya. Bas ɗin da aka sayo bana za ta yi shekara goma ko sha biyar a kan titi. In ta zo da matakala uku masu tsawo da ƙuntatacciyar ƙofa, to an rufe wa gurgu hanya har yaron da aka haifa bana ya balaga. Akwai bas masu ƙasa-ƙasa, da ɗan faranti da ake shimfiɗowa keke ya hau, da fili a ciki inda zai tsaya. Da irinsu birnin Landan yake aiki tun wajen 2005. Layi ɗaya ne a takardar kwangila ke raba wannan da waccan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In mota ta riga ta sauka a tashar jirgin ruwa, gyaran ya yi tsada, kuma mun san ba za a yi ba.

Ga wani ɗan ƙaramin abu da sai wanda ya shafa ne zai lura. Idan aka mayar da ƙaramar mota ta koma CNG, a but ake girka tukunyar gas. Wannan but ɗin kuwa shi ne inda ake naɗe keken guragu a saka. Direba ya samu sauƙin mai, fasinjansa gurgu ya rasa wurin kekensa. Da an zaunar da gurgu ɗaya a teburin da aka tsara shirin, da ya faɗi wannan tun ranar farko, a nemi dabara, ko ta kariya a saman mota ko ta ware wasu motocin.

Motar lantarki ita kuma ba ta da ƙara. Ga mai ido wannan ni'ima ce. Makaho kuwa da kunne yake tsallaka titi: yana jin inda mota ta fito, da saurinta, da ko ta rage gudu. Babur ɗin lantarki zai iya zuwa dab da shi bai ji ba. Ƙungiyar makafin Amurka ce ta matsa har aka yi doka a kan wannan a 2010, Tarayyar Turai kuma tun Yuli 2019 ta wajabta wa sababbin samfuran motocin lantarki su riƙa fitar da wani sauti idan suna tafiya a hankali. Babura masu ƙafa biyu da masu ƙafa uku na lantarki sun fara shigowa garuruwanmu. Hukumar kula da ingancin kaya za ta iya sa wannan sharaɗi yau, tun ba su cika titi ba.

Mu shiga cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki ya yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma yana cikin abubuwan da ake dangantawa da yanar ido. Murhun itace shi kansa yana iya haifar da makanta. A 2024 Najeriya ta amince da manufar girki mai tsafta, ana ƙarfafa mata su koma gas da murhu mai tattalin itace. Madalla. Amma wa ya gwada murhun da matar da kuturta ta cinye yatsunta, wadda ba ta jin zafin ƙuna sai ta ga tabo? Za ta iya murɗa makunnin? Wadda a zaune take girki a ƙasa, murhun ya yi daidai da tsayinta? Wa zai ɗaukar mata tukunyar gas zuwa wurin ɗuri? Makauniya za ta so makunni mai ƙas-ƙas a kowane mataki, don ta san ƙarfin wuta da kunnenta da yatsanta. Kurma kuwa, in duk wayar da kan da aka yi a rediyo aka yi shi, ba abin da ya iso gare ta game da yadda ake gane gas na yoyo.

Game da sola zan faɗi abu ɗaya kawai, wanda wani abokina kurma ya koya mini. Ya ce mai ji in an ɗauke wuta hirarsa yake ci gaba da yi a duhu. Su kuwa in duhu ya yi an rufe musu baki ke nan, domin maganar hannu sai da haske. Miji da mata kurame ba su iya ko shawara da dare, uwa ba ta iya tambayar ɗanta inda ke masa ciwo. Fitilar sola guda ɗaya ita ce harshensu daga magariba zuwa asuba. A Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin da zai kai wutar sola ga 'yan Najeriya miliyan 17.5 ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Ina so a tambayi masu rabon: gidajen masu naƙasa nawa ne a cikin lissafinku, kuma ta wace hanya labarin yake isa gare su?

Na zo kan abin da ya fi damuna, wato aikin yi. Tsarin sauyin makamashi da gwamnati ta ƙaddamar a Agusta 2022 ya yi hasashen sababbin ayyuka 340,000 nan da 2030, da 840,000 nan da 2060. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Wannan sharaɗi bai hau kan kamfanoni masu zaman kansu ba, amma kuɗin gwamnati da na bashi ne ke tafiyar da yawancin waɗannan ayyuka, kuma mai ba da kwangila yana da ikon gindaya sharaɗi. Kashi 5 na 340,000 mutum 17,000 ne. Gida 17,000 ke nan da za su daina jiran sadakar Juma'a.

Wani zai ce ai gurgu ba zai hau rufin ɗaki ya kafa farantin sola ba. Haka ne, amma hawa rufi kaɗan ne daga cikin aikin. Akwai gyaran inbata da fitilu, da haɗa batir, da lissafin wutar da gida ke buƙata, da sayarwa, da karɓar kuɗi, da amsa wayar abokan ciniki. Duka a zaune ake yin su. Akwai rainon dashe a jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya ratsa, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno: cika leda da ƙasa, saka iri, ban-ruwa. Kurame da yawa ƙwararrun masu aikin hannu ne, kowa a nan ya san kafinta ko tela ko makaniken da kurma ne kuma layi ake yi masa. Abin da ke tare su shi ne ajin koyon sana'ar da aka sa a hawa na biyu, da malamin da bai iya maganar hannu ba, da fom ɗin intanet da wayar makaho ba ta iya karanta masa, da tallar aikin da ta ce sai "lafiyayye".

In kuma ana neman shaida, a je Kano wurin ƙungiyar waɗanda suka tsira daga cutar shan-inna, wadda Malam Aminu Ahmed Tudun Wada ya daɗe yana jagoranta. Shekaru da yawa suna zaune a ƙasa suna yankan ƙarfe, suna walda, suna ƙera keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Abin hawa ne da ba ya shan ko ɗigon mai, ƙirar gida, gyaran gida. Waɗannan mutane sun riga masana shiga sufuri marar hayaƙi. Abin da ya rage shi ne a kawo musu ƙaramin inji da batir da farantin caji, a koya musu haɗawa, kekunan nan su riƙa hawa gada ba tare da kafaɗar mai su ta tsage ba. Hausawa sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Karin maganar yana da kaifi, amma ya gano gaskiya: mutumin da ke da sana'a a hannu ba a yi masa kallon tausayi, ciniki ake yi da shi.

Kada kuma mu manta da waɗanda sauyin zai ture. Mai teburin cajin waya da ɗan janareta, mai sayar da fetur a galan a bakin titi, mai ƙulla gawayi a leda a ƙofar gida: ƙananan sana'o'in zaune ne, kuma masu naƙasa da dama a nan suke samun na tuwo. Ranar da sola da gas suka wadata, cinikinsu zai mutu. Adalci shi ne su zama na farko da za a koya wa sana'ar da za ta maye gurbin tasu, a ba mai cajin nan farantin sola bashi ya ajiye janaretan.

Ba sabuwar doka nake nema ba. Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2010. Dokar 2019 ta ba gine-ginen jama'a da ababen hawa wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairu 2024. Ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna wariya, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. An kafa hukumar masu naƙasa ta ƙasa a 2020. Dokar sauyin yanayi ta 2021 ma ta ware kujerar wakilin masu naƙasa a majalisar ƙasa kan sauyin yanayi. A takarda ba mu da talauci. Amma ku fita daga zauren nan ku ƙirga ma'aikatu nawa ne keke zai iya shiga, shekaru bayan cikar wa'adi.

Kuma shigar da su cikin shawara ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga Turai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya riƙe Madina idan ya yi tafiya. A masarautunmu akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu kai kukan jama'arsu fada. Kakanninmu sun san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai kujera ɗaya a Abuja ba za ta wadatar ba, domin a jiha ake sayen bas, a ƙaramar hukuma ake rabon murhu, a unguwa ake shelar ambaliya. Kuma makaho ba zai iya faɗin matsalar kurma ba, namiji gurgu bai san duk abin da mace gurguwa ke fuskanta a banɗakin sansanin 'yan gudun hijira ba.

Ga shugabannin ƙungiyoyinmu ina da magana, kuma da girmamawa nake yin ta. Mun daɗe muna zuwa gidan gwamnati neman buhun shinkafa da keken rabo. Ba laifi ba ne, yunwa gaskiya ce. Amma kuɗin da ake kashewa kan bas da sola da murhu ya ninka na tallafin nan sau ba adadi, kuma ba a ganinmu a wurin. Ku nemi takardun kwangila, ku sa 'ya'yanku da suka yi karatu su karanta muku, ku rubuta wa majalisar jiha tun kafin a sa hannu.

Ku kuma jami'ai da 'yan kwangila da ke cikin zauren nan, roƙona ɗaya ne, kuma ba ya cin kasafi. Kafin ku amince da samfurin bas, ko murhu, ko fitila, ko ginin cibiyar koyon sana'a, ku kira gurgu da makaho da kurma, maza da mata, ku biya su ladan lokacinsu kamar yadda kuke biyan kowane ƙwararre, ku ce su gwada. In gurguwar nan ta iya shiga bas ɗin da kanta, ba wanda ya ciccibe ta, ku saya. In ba ta iya ba, ku mayar wa mai kawowa.